Muna Ƙawata Ingarma, Mun Yi Watsi Da Goɗiya

Bayan kowace Sallah wayoyinmu kan cika da bidiyon hawa. A wannan karon guda ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wani saurayi ne yake zagaya bargar ubangidansa da waya a hannu, yana nuna dawaki ɗaya bayan ɗaya cikin alfahari. Wannan ɗan Sudan ne, wancan talon ne, wato ruwa-biyu, na can ƙurya kuma daga Ajantina aka kawo shi. Da ya iso kan wani bidi matsakaici da ke ɗaure a jikin katanga, sai ya ce, "Wannan ɗan ƙasa ne, na yara ne, su riƙa kilisa." Ko tsayawa bai yi ba ya wuce.

Maganar ta ɓata mini rai. Amma abin da ya fi damuna shi ne abin da ban gani ba. Barga guda cike da dawaki masu tsada, babu goɗiya ko ɗaya. Cikin ɗimbin masu sharhi a ƙasan bidiyon kuma babu wanda ya tambayi inda iyayen waɗannan dawaki suke.

Ra'ayina shi ne, dokin hamada da na sahel da muka gada, wato bagazam na Asbin da dokin Barno da dokin ƙasar Hausa, yana ƙarewa a hannunmu muna kallo. Fari ya taimaka, rashin tsaro ya taimaka, amma babban laifin namu ne mu masu son doki. Muna zuba dukiya a kan ingarma da kayan adonsa, mun bar goɗiya a hannun talakan ƙauye da ba shi da ƙarfin riƙe ta, kuma ba mu rubuta asalin ko doki ɗaya ba.

Wane doki nake nufi?

Da yawa cikinmu in sun ga kyakkyawan doki sai su ce dokin Larabawa ne. Yawancin namu ba shi ba ne. Dokin Larabawa na asali ana gane shi da ɗan lotsawar karan hanci da ɗaga wutsiya sama in yana gudu.

Namu ta hanya biyu jininsu ya zo. Ta arewa, fatake sun ratso Sahara da dokin Barbar na Maroko da Aljeriya da Tunisiya, mai gajeren baya da ƙarfin ƙugu, wanda wutsiyarsa ke zaune ƙasa-ƙasa. Ta gabas kuma dokin Dungula ya taso daga bakin kogin Nilu a arewacin Sudan, ya biyo ta Darfur da Wadai ya shigo Barno. Shi dogo ne, mai dogayen ƙafafu da tudun karan hanci, sau da yawa da fari a goshi da ƙafafu. Kafin zuwansu akwai ƙananan ƙuru a ƙasashen nan. Haɗuwar waɗannan cikin ɗaruruwan shekaru, a ƙarƙashin ranarmu da ciyawarmu da cututtukanmu, ita ta haifar da abin da saurayin nan ya kira ɗan ƙasa.

A cikinsu duka babu wanda sunansa ya kai na bagazam. Sunan daga duwatsun Bagzan ya fito, a tsakiyar Asbin, arewa da Agadas, inda tsauni mafi tsawo a Nijar yake, mai mita 2,022. Abzinawa sun raini dokin nan a wurin da ruwa ke da wuya kuma ƙasa duk tsakuwa ce, ya fito da taurin kofato da jure ƙishirwa. Sarakunan ƙasar Hausa sun neme shi da tsada. Sai bala'o'i suka bi juna a kan Asbin. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, wanda Abzinawa suka yi da Faransawa, da ramuwar gayyar da Faransawa suka yi bayansa sun watsa mutane da dabbobinsu. Farin farkon shekarun 1970 da na 1984 suka zo suka kusa ƙarasa abin da ya rage. Yau bagazam ya fi yawa a bakin tsofaffi fiye da a turke.

Da doki aka gina sarautar da muke taƙama da ita

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Duk wanda ya taɓa ɗaga lifidi ya san nauyinsa. A ɗora shi a kan doki, a ɗora barde da sulkensa da mashinsa, ƙuru ba zai iya ɗauka ba. Wannan ya sa sarakuna suka buƙaci manyan dawaki, suka saya daga nesa, sannan suka riƙa baye goɗiyoyin gida da su har aka samu iri na nan.

Ku dubi sunayen sarautunmu: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki Mai Tuta, Sarkin Dawakin Tsakar Gida, Shamaki mai kula da barga, Sarkin Zagi. Ku dubi garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ku dubi yadda harshenmu ya ba kowane launi sunansa, akawal da kili da danda da bidi da hurde da bikili da gunya. Mutanen da suka yi wa doki irin wannan sani makiyayansa ne. Har daular Oyo ta Yarabawa, wadda ƙudan tsando ya hana ta kiwon doki yadda take so, daga arewa take samun dawakin rundunarta. Wato akwai lokacin da mu ne masu sayarwa.

Yanzu mun koma masu saye kawai, kuma abin bai dame mu ba.

Goɗiya

Nan ne zuciyar maganar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

A al'adarmu namiji mai daraja ba ya hawan goɗiya. Ka tsaya a ƙofar fada ranar hawan Daushe daga farko har ƙarshe, ingarmu za ka gani. Kowane da yaronsa. Da asuba an share masa turke, an wanke shi, an taje masa geza, an dama masa dusa da kanwa, an zuba masa dawa, an warware masa damin harawa. In ya yi tari sau biyu an kira likitan dabbobi. Ranar hawa kuma a ɗora masa jalala da sirdi mai azurfa, da ɗan goshi da ɗan ƙirji, abin da kuɗinsa zai iya sayen goɗiya fiye da ɗaya.

Ita kuwa uwar da ta haife shi tana can ƙauye, a bayan danga, da dabaibayi a ƙafa. Da bazara ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Abincinta karan dawa da abin da ta tsinta a saura. Bayanta da miki saboda yara na hawanta ba sirdi zuwa rijiya. In lokacin baye ya yi, duk dokin da ke kusa shi ne uba, ko gurgu ne ko mai mugun hali, don mai ita ba shi da hanyar kaiwa ga ingarman fada.

Ku yi lissafin da manomin nan yake yi. Goɗiya wata 11 take ɗauke da ciki. Ɗa ɗaya take haifa, kuma in ba ta ƙoshi ba ba kowace shekara ba. Dukushi sai ya kai wajen shekara 3 kafin a fara ɗora masa sirdi da gaske. Duk tsawon wannan lokaci ci yake yi, ga harawa ta zama abin sayarwa mai tsada saboda masu kiwon ragunan layya. In dukushin ya isa sayarwa, sai dillali ya taɓe baki ya ce ai ɗan ƙasa ne, ya karya farashi. A gefe guda kuma ga mai sayen dabbobin yanka da kuɗi a hannu, a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Mai'aduwa ranar Lahadi, yana loda mota zuwa kudu, inda ake yanka dawaki a wurare irin su Obollo-Afor a jihar Inugu. Shi ba ruwansa da asali, nama yake aunawa da ido.

Ban ga laifin manomin ba, yana da iyali. Amma duk goɗiyar ƙwarai da ta hau motar nan ta tafi da 'ya'yan da za ta haifa da jikokinta. Muna yin abin da manomi ke yi in yunwa ta kai shi ga cinye irin shuka, sai dai mu masu bargar birni ba yunwa ce ta sa mu ba.

Larabawan ƙauye, waɗanda muke yabon dokinsu, akasin haka suka yi. Goɗiya ce abin alfaharinsu, ita suke hawa zuwa yaƙi saboda ba ta haniniya ta tona asirinsu kamar ingarma, kuma ta wajen uwa suke ƙirga asali. Gidajen jini irin su Kuhailan da Saklawi da Hamdani duk ta layin goɗiya ake bin su. A lokacin tsanani sukan shayar da ita nonon raƙumi, su ba ta dabino. Turawan Ingila ma da suka sayi ingarmu daga gabas, ciki har da wanda aka saya a Halab ta Siriya a 1704 wanda yawancin dawakin tseren duniya na yau suka fito daga tsatsonsa, ba su tsaya a sayen ba. Tun 1791 suka fara buga rajistar asali, kuma a ƙarƙashin sunan kowace goɗiya ake jera 'ya'yanta.

"Ana fama da yunwa kana maganar doki?"

Na san wannan ce za ta fara zuwa, kuma mai yin ta yana da hujja. Wanda bai ci ya ƙoshi ba, ko wanda 'yan bindiga suka kora daga gonarsa, ba zai saurari labarin bagazam ba.

Sai dai ni ban roƙi a ɗebi kuɗin asibiti a ba doki ba. Kuɗin da nake magana a kai ana riga ana kashe su, kowace shekara, a kan dawakin waje da kayan ado. Tambayar ita ce aljihun wa za su shiga. In attajiri ya sayi dokin da aka haifa a Gumel ko Gaidam ko Tasawa, kuɗin na shiga hannun manomi, da mai noman harawa, da baduku mai ɗinka ragama, da maƙeri mai ƙera linzami da likkafa. In ya aika Ajantina, wani makiyayi ne a can zai ji daɗi. Don haka mai kukan talauci shi ya fi cancanta ya goyi bayan wannan magana.

Rashin tsaron ma ya shafi dokin kai tsaye. A 2015 sojoji sun hana hawan doki a jihar Borno saboda 'yan Boko Haram na amfani da shi wajen kai hari. An fahimci dalilin. To amma mutumin ƙauye da aka hana hawan dabbarsa, me zai yi da ita in ba sayarwa ba? Kuma wannan ita ce ƙasar da ta fi ko'ina suna da doki a yankinmu. Babu wanda ya yi tunanin a killace ko 'yan goɗiyoyi kaɗan na ƙwarai a wuri mai aminci.

"Na waje ya fi tsayi, ya fi gudu"

Gaskiya ne, a wasu fagage. A filin folo na yau dokin Ajantina ya fi namu saurin tashi da juyawa, don an daɗe ana zaɓen irinsa saboda wannan aiki. A gajeren tsere ɗan Sudan mai jinin dokin Ingila zai bar ɗan ƙasa a baya. Ba zan yi gardama a kan abin da ido ke gani ba, kuma ban ce a hana kowa sayen abin da yake so ba.

Amma gudun mintuna kaɗan ba shi ne kaɗai ma'aunin doki ba. A ɗauki na wajen a hana shi abinci na musamman da allurai, a bar shi da harawa da dusa, a bi da shi tafiyar yini cikin zafin watan Afrilu, sannan a zo a yi magana. Likitocin dabbobi sun san cutar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa musamman da damina, ta fi yi wa baƙin dawaki mummunan kamu. Juriyar da namu ke da ita ba a sayenta a kanti, ɗaruruwan shekaru ne suka tace ta.

Kuma a tuna, folon Katsina da Sarki Muhammadu Dikko ya kafa, wanda ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a kai, da dawakin ƙasar nan aka fara shi. Bambancin da ke tsakanin namu da na Ajantina a yau bambancin kulawa ne da zaɓen iri. Su sun zauna sun zaɓi uwa sun zaɓi uba tsara bayan tsara, mu mun bar wa sa'a.

"Ai su ma asalinsu daga waje suka zo"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawo mini, kuma ni na faɗa da bakina a sama. In kakanninmu sun shigo da Barbar da Dungula, me ya sa shigo da ɗan Sudan yau zai zama laifi?

Shigowar ba laifi ba ce. Kakanninmu sun shigo da ingarma don su inganta abin da ke gida, goɗiyoyinsu na nan suna jira. Mu muna shigo da shi ne don ya maye gurbin na gida, ya yi shekarunsa a turke, ya mutu bai bar baya ba, a sake aikawa a sayo wani. Inda kuma aka yi haɗin, ana yin sa ne a makance. A kira abin da aka haifa talon, a sake haɗa shi da wani, bayan tsara uku babu mai iya faɗa maka abin da ke cikin jininsa. Haɗa iri yana da amfani ne muddin akwai tsantsar iri biyu da za a koma gare su. In na gida ya narke, babu sauran abin haɗawa.

Tabon da ke cikin tarihin

Akwai masu cewa tarihin doki a ƙasar nan tarihin hari ne da bauta, don haka ba abin kewa ba ne. Ba zan ɓoye wannan ba. Alhasan al-Wazzan, matafiyin da Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Barno kan ba fataken arewa bayi 15 ko 20 a kan doki ɗaya. Mutane ne masu iyaye da 'ya'ya aka musanya da dabba. Ya kamata a koya wa yaranmu wannan tare da labarin jarumtar barade, kada a ba su rabi.

Amma dabbar ba ita ta yi cinikin ba. Dokin nan shi ya kai malami garin da zai karantar, ya kai manzo da wasiƙa, ya raka amarya, ya ɗauki mai unguwa zuwa sasanta rikicin gona. Addininmu kuma ya girmama shi. Allah Ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a Suratul Adiyat, kuma ya tabbata a hadisi cewa alheri a ƙulle yake a makwarkwaɗar dawaki har ranar alƙiyama. Hadisin bai ware ingarma ya bar goɗiya ba.

Wasu sun yi, kuma ba su fi mu son doki ba

A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Mun yi murna, kuma ya dace. Maroko ta samu irin wannan a 2021 da wasanta na Taburida, inda mahaya ke jeruwa su yi sukuwa tare su harba bindiga a lokaci ɗaya, abin da duk wanda ya san jafi zai ji kamar a gida yake. Sai dai su sun ɗaure wasan da irin dokinsu. Da Barbar da ruwa-biyun Barbar da na Larabawa ake gasar, gwamnati na da gidajen kiwo a garuruwa irin su Maknas da Marrakesh, mai goɗiya na iya kai ta a baye ta da ingarma mai rajista. A Aljeriya gidan kiwon dawaki na Tiyaret yana aiki tun 1877, kuma a ƙasar aka kafa ƙungiyar duniya ta dokin Barbar a 1987.

Kada a ce sai ƙasashen Larabawa. Nijar ta ware tashar Tukunus don shanun Azawak, ta kafa cibiya a Maraɗi don jar akuya. A Najeriya cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta fitar da irin kazarta. Ga tsangayoyin likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga ma'aikatar kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024. Ilimin yana nan, doki ne kawai ba a sa a lissafi ba, saboda gwamnati na ganinsa kayan sarakuna, sarakuna kuma na ganin kiwo aikin talakawa.

Shi ya sa nake ganin daga fada ya kamata a fara, don ita ce ke faɗa wa mutane abin da ke da daraja. Ranar da babban sarki ya fito hawan Sallah a kan dokin da aka haifa a ƙasarsa, sankira ya faɗi sunan uwar dokin da ƙauyen da take, farashin goɗiya zai tashi a kasuwa kafin wata Sallar. Masu shirya sukuwa su ware tsere mai nisa na 'yan ƙasa zalla, a raba kyautar tsakanin mai doki da mai goɗiyar da ta haife shi. Manyan ingarmun da ke zaman banza a barga wata da watanni, a buɗe ƙofa ga goɗiyoyin ƙauye a lokacin baye, ba tare da an karɓi ko sisi ba. Duk attajirin da ke da turke goma, ya ware biyu don goɗiyoyi.

Bagazam kuma aikin gaggawa ne. Masarautar Agadas da masanan dabbobi na Nijar su ne za su iya bin ƙauyukan gindin Bagzan irin su Tabelot, su zauna da dattawan da suka san siffarsa da gidajen da suka riƙe shi, a nemo abin da ya saura tun masu sanin suna raye.

Rubuta asali ba ya buƙatar kwamiti ko kasafin kuɗi. Kowace shekara hakimai na tattara dawakin da za su shiga tawagarsu, kuma ofishin Shamaki ya san na fada ɗaya bayan ɗaya. Littafi ɗaya ya isa, da wayar da za ta ɗauki hoto. A rubuta sunan doki da launinsa da shekarunsa da inda aka saye shi, sannan a ƙara layi biyu, wane ne ubansa, uwarsa kuma tana wane gari, a hannun wa. A shekarar farko yawancin layukan nan za su zauna babu komai. A shekara ta biyu mai saye zai fara tambayar dillali, dillali kuma dole ya koma ƙauye ya tambayi mai goɗiya.